Ranar da Na Shiga Ɓangaren Mata

An kore ni daga aikin wankin ban-ɗaki a wata tashar mota da ke Kakuri, saboda na shiga ɓangaren mata na tarar da mace a ciki. Sai da aka yi mini duka kafin a kore ni. Haƙorana biyu na gaba a can na baro su. Shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan aiki, kuma har zuwa ranar babu macen da ta taɓa cewa na ɗaga ido na kalle ta.

Kafin tasha a masaƙa nake. Na shiga ina saurayi, na fito da furfura da kunne ɗaya. Ƙarar injin saƙa ce ta cinye na hagun. Da aka rufe masaƙar aka ce mu je gida, za a neme mu. Ba a neme mu ba. Na yi dako, na yi haƙar rijiya. Lokacin wani rikici kuma muka bar ɗakinmu na can hayin kogi, muka tsallako da kayan jikinmu kawai, ni da matata da yara uku, muka kama ɗaki a Trikania. Saboda haka da wani tsohon abokin aikina ya ce ana neman mai wanke ban-ɗaki a tasha, ban tsaya tunanin abin da mutane za su ce ba. Washegari na je.

Ɗaki huɗu ne a jere a bayan tasha, uku na bahaya, ɗaya na wanka. Babu na maza, babu na mata. Wanda ya riga zuwa shi ke shiga. A gabansu akwai bencina, da duro biyu na ruwa, da buta shida. Ni Kirista ne, a ƙauyenmu ba da buta muka tashi ba, aikin ne ya koya mini ita. Da butocin nan nake sanin halin da ake ciki. In na ɗaga kai na ga shida a jere, babu kowa, sai in ɗauki tsintsiya in shiga. In na ga biyar, akwai mutum. Har masu zuwa da takarda ba na barinsu su wuce hannu sake. Ko ba za ka yi tsarki da ita ba, ɗauki ka kora abin da ka yi. Da wannan dabarar ban taɓa tura ƙofa a kan mutum ba, ko sau ɗaya.

Wurin ba shi da kyan gani. Simintin ya tsattsage, rufin kwanon ya yi tsatsa. Amma yana da tsabta, kuma ba ni kaɗai nake tsabtace shi ba. Duk wanda ya fito, da mai shiga bayansa yake haɗa ido, sau da yawa kuma mace ce. Direba ya fito yana gyara wando, ga wadda ke sayar masa da shinkafa tana tsaye tana jira. Ya san in ya bar ƙazanta, kafin azahar tasha duka ta ji.

Akwai wata mai abinci, 'yar wajenmu, ƙauyensu kusa da namu, cocinmu ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Rumfarta ce ta fi kusa da ban-ɗakin. Kowa Mama yake ce mata, har Alhazai. Ni kuma Baba take ce mini, ko da yake ban girme ta da wani abin kirki ba. Bakinta ya fi omo wanke wurin nan.

Wata rana wani direban bas, ƙato mai yawan fesa turare, ya fito yana sauri. Mama ta shiga, ta fito nan take.

"Direba! Kai mai turare! Dawo nan."

"Mama, fasinja na jirana."

"Su jira. Wannan abin da ka bari wa ka bar wa? Uwarka ce ke aiki a nan?"

"Wallahi ba ni ba ne, haka na tarar."

"Haka ka tarar, yana tururi? Baba, ba shi bokiti."

Na ba shi. Ya koma ya kora, kwandastoci suna yi masa tafi. Daga ranar in zai shiga, da buta da bokiti yake shiga.

Farkon zuwana ramukan masai suna yawan toshewa. In na zura rodi sai in zaro audugar mata da tsummoki. Na je gida ina faɗa. Matata ta ce, "To ina kake so su kai? Su sa a jaka su hau mota da shi?" Na samo bokitin fenti mai murfi, na wanke, na ajiye bayan ƙofar ɗakin wanka. Ban gaya wa kowa na mene ne ba. Matan suka gane da kansu. Kullum da safe, kafin motar farko ta cika, in kai shi bola in ƙone abin da ke ciki, in wanke in mayar. Toshewa ta ƙare. Shekaru suka yi ta wucewa, babu macen da ta yi mini maganar bokitin, ni ma ban yi wa kowa ba. Sai dai ran Kirsimeti da ran Salla nakan tarar da kwanon abinci a rufe a kan bencina, ban san daga wa ba.

Abin da na mallaka ke nan. Ban yi makaranta ba, ba ni da gona, ɗakin da nake kwana na haya ne. Suna nake da shi: dattijon da mace za ta wuce ta gabansa da buta ba ta ji komai ba. Direbobi kan bar matansu da 'ya'yansu mata a bencina su tafi sabgarsu. Wani ma ba ya ko waiwayowa.

Sai aka yi sabon ciyaman a tashar, wani Alhaji daga Tudun Wada. Ba mugu ba ne. Ya ce bai dace ba mace da namiji su tsaya layi ɗaya a bakin ban-ɗaki. Liman ya ce haka ne, fasto ya ce haka ne. Ni ma ban ce ƙarya ya yi ba. Na sha ganin matan aure 'yan tafiya, masu lulluɓi, sun zo sun ga maza a tsaye sun juya, sun riƙe abinsu har inda za su. Wannan ba daidai ba ne. Amma a duk zaman da suka yi a ofis, babu wanda ya kira ni ya tambaye ni ta ina ruwan ke bi.

Aka kawo ɗan kwangila. Ya ƙara ɗaki biyu, ya ja katangar bulo a tsakiya, ta fi tsayin mutum. Uku na maza, uku na mata. Ƙofar matan ta koma ta baya, tsakanin rumfar Mama da shagon mai injin markaɗe. Aka zana namiji a wannan bango, mace a wancan. Aka raba butoci, uku aka kai can ciki, inda ba na ganinsu daga benci.

Ranar da aka buɗe, ciyaman ya kira ni a gaban mutane.

"Baba, daga yau kada ƙafarka ta taka can. Mace za mu sa."

"Ranka ya daɗe, bututun da aka sa musu ƙarami ne. Kuma ta ƙarƙashin rumfar Mama ya bi."

"Kai ne injiniya yanzu?"

Aka yi dariya.

"Akwai kuma wani bokiti da nake ajiyewa."

"Bokitin me?"

Maza sun fi ashirin a wurin. Na ce, "Na shara."

"Za a saya musu sabo."

Ba a saya ba. Tsohon kuwa magina sun riga sun kwaɓa siminti a ciki sun fasa shi.

Wata ɗaya bai cika ba ɓangaren maza ya lalace. Fitsari a bango, majina a ƙofa, guntun sigari a cikin masai. Mutum ya yi abinsa a gefen rami, ya fito yana danna waya. A da sau uku nake wankewa a yini. Yanzu ko sau bakwai na wanke, warin na nan. Mutanen dai su ne, ban ga baƙuwar fuska ba. Namiji ba ya jin kunyar namiji, shi ke nan. Direban nan mai turare ya daina ɗaukar bokiti. Na tare shi na ce ya koma ya kora.

Ya ce, "Baba, in na kora, kai me za ka yi? Kada in raba ka da aikinka."

Na matan kuwa sai labari nake ji. An sa wata, ƙanwar matar ɗaya daga cikin manyan tashar. Takan zo da hantsi ta zauna a bakin ƙofa, ta toshe hanci da gyale, ta watsa ruwa daga nesa. Bayan wata biyu aka ce ta yi aure. Ba a sa wata ba. Da farko matan tashar suna wankewa a tsakaninsu, daga baya kowacce ta ce ba ita ta ɓata ba. Sakatun ƙofofi suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya. Mama ce ke zagayowa tana gaya mini.

"Baba, ka ga abin da mata ke yi a can? Ashe mu ma kunyarku muke ji." Ta yi dariya, ta tofar da yawu.

Da damina ta kankama bututun ya toshe. Na san abin da ya toshe shi tun ban gani ba. Ruwan ƙazanta ya ɓullo ta gindin katanga, ya bi ta gefen murhun Mama, ya taru a ƙarƙashin bencin masu cin abinci. Ƙudaje suka sauka. Masu ci suka koma wata rumfa. Duba-gari suka zo suka ce mata kwana uku, in ba a gyara ba za su rufe rumfar. Na je wurin ciyaman sau biyu. Ya ce ana neman mai gyara.

Ranar farko Mama ta roƙe ni in shiga in zura rodi. Na ce an hana ni. Rana ta biyu ta sake, na sake ƙi. Rana ta uku Juma'a ce. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi tasha ta yi shiru, rabin direbobi sun tafi masallaci. Ta zo ta tsaya a kaina, hannunta duk manja.

"Baba, don Allah, don Yesu. Minti nawa zai ɗauke ka?"

"An hana ni."

"Wa zai gani? Alhaji yana masallaci. Ni da kaina zan tsaya a ƙofa."

"Mama, ki bar ni."

"Gobe za su rufe mini wuri. Me zan ba yaran, ƙasa?" Ta sassauta murya. "Kai da ka yi shekara da shekaru kana kwashe mana abin da ko mazajenmu ba su taɓa gani ba, yau ne za ka zama baƙo a wurinmu?"

Ranar ce karo na farko da mace ta taɓa yi mini maganar bokitin nan. Na tashi.

Ta shiga ta duba, ta fito ta ce babu kowa. Na tafi sito ɗauko rodi da takalmin ruwa. Makullin ba ya inda ake rataye shi, sai da na nemo shi a wurin mai faci. Na ɗan jima. Da na dawo Mama ba ta bakin ƙofa. Wata mota ta iso daga nesa, fasinjoji biyu sun zauna a rumfarta, su ne na farko da ta samu a ranar, tana zuba musu abinci. Ta hango ni ta yi mini alama da ludayi in shiga.

Ban shiga kai tsaye ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga murya, "Akwai mutum?" Shiru. Na sake. Na sake na uku. Matan tasharmu in suna ciki amsawa suke yi da ƙarfi, wata ma ta haɗa maka da zagi. Amma Musulmi ba ya magana a ban-ɗaki. In an ƙwanƙwasa, gyaran murya yake yi. Na san wannan kamar yadda na san sunana. A ɓangaren maza kullum nakan karkata kunnen dama in saurara. Ranar nan injin markaɗe yana ta dama da ni, ana niƙa tumatir. Na leƙa tsakar wurin, na ga buta uku a jikin duro. Na ƙirga su kamar yadda na saba. Uku cif. Idona ya ce mini babu kowa, na yarda da shi.

Ashe matar da ke ciki da butarta ta zo. Matafiya da yawa haka suke yi.

Ɗaki na farko a buɗe, na biyu a buɗe, ruwa ya kai idon sawu. Na uku a rufe, babu sakata. Na tura da kan rodi. Abin da na gani, ƙafa ɗaya mai lalle, da hannu yana ƙoƙarin tare ƙofa, da shuɗiyar buta wadda ba tamu ba. Na kau da kai. Ta ƙwalla ihu.

Mijinta yana waje da jariri a kafaɗa. Ya miƙa wa wani mutum jaririn. Shi ya fara naushina a baki, ban ga laifinsa ba. Daga nan ban san hannun wa da wa ba. Aka jawo ni waje, na faɗi cikin ruwan da na zo gyarawa. Lokacin an taso daga masallaci, mutane suna ta shigowa.

Ina kwance na ji wani ya ce, "Wane ne?"

Wani ya ce, "Arnen nan ne mai wankin masai. Matar Musulmi ya leƙa."

Daga ƙasa ƙafafu kawai nake gani. Na ga sun taru ta wannan gefe. Sai na ga wasu suna taruwa ta wancan gefe, yaran gareji da masu keke, 'yan wajenmu, wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Na taɓa ganin ƙafafu sun rabu biyu haka, shekarar da muka tsallako kogi. Na san abin da ke biyo baya.

Ciyaman ya ratso cikin mutane, darduma a kafaɗa. Ya ɗago ni da wuyan riga, ya kwaɗa mini mari da hannunsa. Ya juya ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kowa ya saurara! Wannan ba maganar addini ba ce. Tsohon ɗan iska ne, mun daɗe muna zarginsa. Ɗan iska ba shi da masallaci, ba shi da coci. Ni zan hukunta shi!"

Na ji wurin ya saki. Wani ya yi dariya. Mai dutse ya yar da dutsensa. Wata mata daga cikin namu ta ce, "Tir! Da furfurarka!" Musulmi da Kirista suka haɗu suna tofa mini yawu, aka ja ni zuwa ofis aka kulle ƙofa.

A ofis akwai ciyaman, da dattawa uku, da mijin matar. Na faɗi yadda aka yi. Aka aika kiran Mama. Ta shigo tana goge hannu da zane.

"Mama, ke kika ce ya shiga?"

Ta kalli ƙasa. "Ni dai na gaya masa wurin ya toshe."

"Kin ce ya shiga ko ba ki ce ba?"

"Ban ce ya shiga ba, Alhaji."

Mijin ya ce matarsa ta ji kira sau uku, ta yi gyaran murya sau uku. Na yarda. Matar nan ba ta yi mini ƙarya ba, a duk cikinsu ita ce ba ta yi ba. Na ce kunnena ɗaya ya mutu tun a masaƙa, ɗayan kuma inji ya rufe shi. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Kunnen ne ya mutu, idon yana aiki." Aka yi murmushi. Aka ba mijin haƙuri, aka sa su a mota ta gaba.

Da kowa ya fita, ciyaman ya ɗebo mini ruwa a kofinsa in kurkure jini. Ya zauna yana kallona.

"Baba, ka san abin da na tare yau."

"Na sani."

"Da yanzu ana ɗibar gawa a tashar nan. Taka ce ta farko."

"Na sani, Alhaji. Amma ka ce kun daɗe kuna zargina."

"Magana ce ta kashe wuta."

"To gobe ka tara su ka ce musu magana ce."

Ya karɓi kofin ya ajiye. Sannan ya ce, "In na janye, wutar ta dawo. Ka yi haƙuri. Kada ka sake zuwa tashar nan, don kanka nake faɗa."

Ta ƙofar baya aka fitar da ni. Washegari, na ji, aka kawo masu gyara, samari biyu. Suka shiga ɓangaren mata da rana tsaka, ciyaman na tsaye. Suka fasa bututu suka cika buhu da audugar mata. Babu wanda ya kira su da wani suna. Ba a rufe rumfar Mama ba.

Labarin ya riga ni isa Trikania. Gidan hayarmu ɗaki goma ne, ban-ɗaki ɗaya, wurin wanka ɗaya, maza da mata, haka muke tun da muka zo. Matan gidan da suke aiko mini da 'ya'yansu in raka su makaranta suka canza. In ina zaune a tsakar gida babu wadda za ta ɗauki bokitin wanka. Sai na fita. Matar ɗaki na uku ta sa mijinta ya toshe ramukan ƙofar wanka da kwali, yana bugun ƙusa yana kallona. Na koma fita tun da sassafe in zauna a bakin titi, don su samu su yi wanka.

Matata ta gasa mini baki da ruwan zafi da gishiri. Abin da ta ce kawai, "Na san ka." Ba ta ƙara tambayata komai ba. Amma ta daina zuwa zumuntar matan coci. Shekara ashirin tana waƙa a cikinsu, ita ke buga tulu. Ta ninke zanen zumunta ta sa a ƙasan akwati. Na tambaye ta, ta ce ƙafa ke mata ciwo. Daga baya na ji abin da aka yi: ta shiga, aka matsa aka bar mata benci guda ita kaɗai.

Wata Lahadi bayan an tashi coci na bi Mama har gidanta. Ta ba ni kujera, ta kawo abinci. Ban taɓa ba.

"Ba aikin nake nema ba, Mama. Ba zan koma tasha ba. Ki tsaya a gaban zumuntar mata kawai, ki ce ke kika roƙe ni. Kalma nawa ce?"

"Baba, bakin mata ka sani. In na faɗa yau, gobe yana tasha."

"Ya je."

"Su ce ni na tura namiji a kan matar Musulmi? Rumfar za su ƙone, da ni a ciki. Yara huɗu gare ni."

"Ni uku."

"Naka sun girma."

Ta fara kuka. Kukan gaske ne, ban ce na ƙarya ba ne. Ta ce ba ta barci. Ta ce kullum tana sa ni a addu'a.

"Allah ya san gaskiya, Baba."

Na ce, "Ya sani. Amma ba shi ke zaune a gidan hayarmu ba."

Na je wurin fasto. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya yarda da ni, ya ce kuma maganar in aka tone ta ba a san inda za ta tsaya ba. Ya karanta mini wani wuri a kan gafara. Na ce masa ban ƙi gafara ba, amma a fara faɗin abin da za a gafarta. Ya ce in je in yi addu'a.

Na jira wata shida. Na ce ko za ta faɗa wa mutum ɗaya, shi ya faɗa wa wani. Duk Lahadi ina ganinta a layin gaba da zanen zumunta, tana rawa da kwanon baiko na tara sadakar coci. In mun haɗu a ƙofa takan rusuna ta ce, "Baba, ina kwana," in ce, "Lafiya." Ba ta faɗa ba. Da mai gida ya zo ya ce matan gidan sun kai masa kuka, ba don ya yarda ba, amma zaman lafiya ya fi, ban yi masa gardama ba. Muka ɗaure kaya.

Matata ta koma wurin babbar 'yarmu, tana yi mata reno. Takan zo ran Asabar da tuwo a kula, ta wanke mini kaya, ta koma kafin duhu. Ni ina Kamazou, ina gadin wani gida da ba a gama ginawa ba. Mai shi yana wani gari, sau biyu na taɓa ganinsa. Ɗaki ɗaya ne aka yi wa rufi, a ciki nake kwana. Maƙwabta Maigadi suke ce mini, ba su san daga inda na fito ba, ban kuma gaya musu ba.